Ɗan Riƙo Ma Ɗa Ne

Laraba da dare, Oktoba 1998, Kafanchan

Ngozi 'yar maƙwabciyarmu ta koma makarantar kwana, ta bar wa Ladi riƙon abin wasanta mai batir, wanda hoton jaririn da ke cikinsa ke kuka sai an danna masa abinci. Ɗazu Maman Ngozi ta leƙo, ta ce, "Ladi, cire batir ɗin ki huta, ai ba naki ba ne."

Ladi ta ce, "Ɗan riƙo ma ɗa ne. Tambayi Mamana."

Ni ta nuna! Shekara shida ina riƙonta tun rasuwar yayata, ba ta taɓa kirana komai ba sai Anti.

Gobe ƙanin babanta zai zo daga Samaru, wai ɗaukarta. Ya zo mana. Zan ba shi ruwa ya sha, ya koma shi kaɗai.