Tabar da Na Karɓa

Winnipeg, Talata.

Jikata Sharlene,

Yau kumburin ƙafar ya ragu, tari ne kawai ya ƙi tafiya. Ina fata kina lafiya. Yaya mamanki da mutanen garinmu Pukatawagan? Ana kula da ni a gidan tsofaffin nan, kada ki damu.

Takardar neman tallafin karatun harshenmu na Cree ta iso, tare da ƙullin taba. Na karɓa, kin kuwa san a al'adarmu wanda ya karɓi taba ya ɗauki alkawari. Kin ce a waya, "Kaka, rubuta kawai kai za ka koya mini. Ko tsufa ya cinye hannun?" Na yi dariya, na ce to.

Ba zan iya ba. Ina shekara bakwai aka kai ni makarantar kwana ta mishan, inda aka haramta mana harshen, can ya bar bakina. Gaisuwa da sunayen kifi suka rage, da su nake rufa wa kaina asiri a gabanku.

Juma'a za a rufe karɓar takardun, kada ki rasa saboda ni. Akwai Philomene Bighetty, 'yar ajinmu, tana garin nan, harshen na bakinta garau. Na aika a roƙe ta ta zo yau ta sa miki hannu a madadina. Ita ce na kai ƙararta wurin sista, malamarmu ta mishan, don ta yi magana da harshen, aka aske mata kai.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Ambrose

Ƙarin bayani: na zauna bakin ƙofa har aka kwashe kwanonin abincin yamma. Philomene ba ta zo ba.