Takun Buba Dogo Ba Mita Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Alƙalan Wasan Ƙwallo na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka shi daɗe, ni ne Hamidu na Bahindi, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana busa usur a filayen Bagudo. Sau biyu na zo ofishinka aka ce ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

1. Kun sanar cewa duk wanda bai kai mataki na tara a gwajin gudu ba, ba za a sabunta masa lasisi ba. Gwajin kuwa sananne ne: layi biyu, mita ashirin a tsakani, a je a dawo kafin na'ura ta yi ƙara, ƙarar tana ƙara matsowa har numfashin mutum ya ƙare. Ban yi gardama ba. Wata biyu ina yinsa a gefen fadamar shinkafata, da awon da na yi da tef, har ina taɓa mataki na goma.

2. Ranar gwajin, rukunin safe sun yi gudu a kan layin toka da aka auna da tef ɗin wani magini. Da azahar garken shanu ya ratsa filin zuwa mashaya, ya tattake tokar kaf. Magini kuma ya ɗauki tef ɗinsa ya tafi kasuwar Lolo.

3. Maimakon a jira, sai jami'inku ya sa mai gadin filin, Buba Dogo, ya yi taku ashirin, kamar masu raba iyakar gona, aka zuba sabuwar toka a inda takunsa ya tsaya. Ranka shi daɗe, ka san Buba. Mutumin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar masallaci! Na yi magana nan take, aka ce tsoro ne ya kama ni.

4. Mu tara ne rukunin yamma, babu wanda ya wuce mataki na bakwai. Na safe kuwa kusan duk sun haye, har da wanda na sani ba ya iya bin ɗan akuya. Washegari na aro tef na auna tokar Buba a gaban shaidu biyu: mita ashirin da uku da 'yan kai.

Wallahi abin ya ci mini rai. Bana ce shekarata ta ƙarshe a ƙa'idarku ta shekaru. In sunana bai shiga jerin waɗanda za a sabunta wa lasisi ba, na bar alƙalanci ke nan, kuma a gari an riga an fara cewa Hamidu ya tsufa.

Roƙona biyu ne: a dakatar da tura jerin sunayen, a sake mana gwajin, mu tara, da tef a hannu, kowa yana gani. In na faɗi a mita ashirin na gaskiya, da hannuna zan kawo maka usur ɗina, ba sai ka aiko ba. Amma ba zan ajiye shi saboda tsawon ƙafar wani ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da mutuncinka, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.

Hamidu, Bahindi.