Ƙorafi Kan Allon da Ya Shafe Sunan Layin Mama Uche

Daga:
Natana'el Dantong Badung,
Layin Mama Uche, Anguwan Rukuba, Jos.
4 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Maido da Sunayen Asali na Layuka da Unguwanni,
Jos, Jihar Filato.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Sauya wa layinmu suna zuwa "Layin Badung", da roƙon a cire sunan kakana daga allon.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, ni mai suna a sama, malamin firamare mai ritaya, jikan Badung ɗin da kuka karrama, ina neman izinin gabatar da kukana. Tun farko ina so a sani cewa ni ba maƙiyin aikinku ba ne. Na tashi ina jin yadda bakin baƙi ya lanƙwasa sunayen duwatsunmu da rafukanmu har masu su suka daina gane su, kuma ranar da aka kafa kwamitinku na yi murna a fili. Sai dai a layinmu, garin neman gira an rasa ido. Ga bayanin:

1. A watan Agusta wakilanku sun yi zaman tuntuɓa, amma 'yan ƙasa kaɗai aka gayyata. Ni ina ƙauye wajen haƙar dankali, ba a aiko mini ba. Wani ɗan'uwana ya shaida musu cewa wurin nan gonar accar kakanmu ce. Gaskiya ya faɗa. Amma Badung ya rasu kafin a aza tubali ko ɗaya a nan. Gona ya bari, bai bar layi ba. Mutanen da suka yi layin, waɗanda suka haƙa kwata suka jawo wuta, babu wanda aka tambaya a cikinsu.

2. Da an tambaya, da an ji daga inda tsohon sunan ya fito. Uwargida Felicitas Nnadozie ta zo nan da mijinta daga Gabas a 1973, tana aikin ungozoma. A lokacin babu asibiti kusa, in naƙuda ta tashi abin da ake cewa kawai shi ne a kira Mama Uche, da sunan ɗanta na fari kamar yadda muke kiran kowace uwa. Daga bakin mata sunan ya koma bakin masu tasi, yau yana bakin masu keke. Na ji an ce ma'aunin kwamiti shi ne inda aka binne cibiyar mutum. To, ranka ya daɗe, rabin cibiyoyin layin nan ita ta yanke su, har da na 'ya'yana huɗu. Uche kuwa ya rasu a haɗarin mota a 1994, yana saurayi, bai bar baya ba. Tun daga nan babu inda ake kiran sunansa kullum sai a bakin mai neman hanyar layinmu.

3. Sanarwar da aka karanta a majami'u ranar 6 ga Oktoba cewa kawai ta yi za a kafa wa layinmu allon suna a hukumance. Ba a faɗi sunan ba. Kowa ya ɗauka sunan da muka sani ne za a rubuta, ni ma haka na ɗauka. Al'adar layinmu ce, ko suna ne ko biki ko makoki, tukunyar taro a ƙofar Mama Uche ake ɗora ta, ita ke ɗanɗana gishiri. Wakilanku sun ce mata su yi abinci, mata kuwa suka nufi inda suka saba. Tsohuwar da ta doshi tamanin, ga yanar ido, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana yanka albasa. Ta ba da kajinta biyu ba a roƙe ta ba. Ta ɗauro zanin ƙungiyar matan Katolika, wanda ba ta sa shi sai ranar girma. Wakilanku sun ga wannan duka, sun san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen da ya rufe allon, kuma babu wanda ya ja ɗayanmu gefe ya yi masa raɗa.

4. Ranar Asabar, 12 ga Oktoba, aka zaunar da ni a sahun gaba kusa da ita. Na zaci don tsufa ne. Aka miƙa mini igiya aka ce in ja, na ja. Wakilanku suka yi tafi, ita ma ta yi tafi, har da 'yar rawarta a zaune, domin idonta ba ya kai wa allon. Da ta ji mutanen layi sun yi tsit, sai ta kama hannun rigata ta ce in karanta mata, wai tana so ta ji ko sun rubuta Uche daidai. Ranka ya daɗe, na yi shekara talatin da biyar ina koya wa yara karatu, ban taɓa fatan in zama jahili ba sai ranar. Na karanta mata. Ta saki rigata, ta ce Allah ya sanya alheri, sannan ta juya ta ce wa mata a fara zuba wa baƙi kada abinci ya huce. Wakilanku sun ci, wasu har da ƙari.

5. Tun daga ranar ban sake bi ta ƙofarta ba. Ta bayan gidaje nake zagayawa, ta bakin kwata, ni da ciwon gwiwa. Maƙwabta 'yan Gabas da muka yi shekaru muna cin tuwonmu da apu, tuwon rogonsu, a kwano ɗaya yanzu gaisuwar nesa suke yi mini, sun tabbata ni na bi ta ƙarƙashin ƙasa na nemo wa gidanmu suna, kuma ba ni da bakin musu tunda hannuna aka gani a igiya. Matata Suzana ta daina zuwa ɗibar ruwa a rijiyar gidan Mama Uche. Wanda ya fi ci mini rai shi ne masu tare ni a kasuwa suna yi mini barka, suna cewa an nuna wa baƙi iyakarsu. In na ji haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kakana mutum ne da ake cewa ko maharbi ya ratsa gonarsa sai ya sha kunu kafin ya wuce. Ba a tambaye shi ba, ba a tambaye ni ba, an mai da sunansa sandar kora.

6. Chinonye, 'yar Mama Uche, ta daɗe tana roƙonta ta koma Gabas wurinta, tana ƙi, ko a shekarun da gari ya yi zafi ba ta motsa ba. Makon jiya ta amince. An sa ranar 14 ga Disamba.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Mai Girma Shugaba da a sauke allon nan, a rubuta sunan da layin ya amsa shekara hamsin. In kwamiti na son tunawa da Badung, akwai dutsen da ke bayan gidaje inda yake shanya acca, har yau ba shi da suna, kuma ba zai ƙwace na kowa ba. Ina kuma roƙon a turo wakili ya tsaya a ƙofar Mama Uche ya ba ta haƙuri da rana tsaka, kamar yadda aka kunyata ta da rana tsaka. A yi wannan tun kafin a fara ɗaure kaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina neman amsa da gaggawa saboda dalili ɗaya. Shekaranjiya ta aiko mini da saƙo ta bakin matata, babu faɗa, babu gori. Ta ce tunda mu ne masu ƙasa, tana roƙon alfarma in riƙa sa a nome ciyawar kabarin Uche duk ƙarshen damina, domin ba ta da wanda za ta bar wa. Har yanzu ban mayar mata da amsa ba. In na ce to, na sallame ta ke nan, kuma ba ni da fuskar da zan ce mata ta zauna muddin allon nan yana tsaye.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka cikin biyayya,

(sa hannu)
Natana'el Dantong Badung