Haƙoran azurfa sun zama jari

Anti mai filin nan, don Allah ki agaza mini da shawara, kafin masoya su lalata aikin likita.

Ni 'yar kasuwa ce, robobi da bokitai nake sayarwa, kuma ba yabon kai ba, ba a cika yi mini wayo ba. Sai ga 'yata mai shekara huɗu ta fi ni iya ciniki. Bari in faro miki daga tushe. Bara haƙoranta suka ruɓe, na gaba suka yi baƙi kamar an ɗiga musu tawada, na ciki suka yi kogo. Ko ruwan sanyi ta kurɓa sai ihu. Ta rame har wuyan riga yana zamewa daga kafaɗarta. A kujerar likitar haƙori kuwa ta datse baki gam, har yatsan nas ta gartsa wa cizo. Likita ta ce sai dai a yi mata allurar barci, a gyara komai a zama ɗaya.

Ranar aikin mahaifina ne ya raka ni, domin maigidana direban babbar mota ne, yana hanya. Tsohon nan ya zauna a bencin ƙofar ɗakin tiyata rungume da takalmanta, ya ƙi shan ko ruwa saboda ita ma an hana ta ci da sha. Likitan barci kuwa, na ga masu daɗin baki a kasuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Ya sa ta hura wata roba wai balan-balan ce, tana cikin dariya barci ya ɗauke ta. Aka cire haƙora biyu, aka yi ciko, aka sa wa na ciki hulunan ƙarfe masu ƙyalli. Ni da na san kayan da ake shafa wa fenti don ɓoye aibi, na leƙa bakin nan na ga aiki na tsakani da Allah. Yanzu tana yagar nama, tana barcinta lafiya, kumatu sun dawo.

To, ga inda matsalar take. 'Yan layinmu sun sa mata suna Azurfa. Tela, mai agogo, mai gyaran waya, kowa sai ya tsayar da ita ta buɗe baki ya ga ƙyalli, ya ba ta alawa. Yarinya ta gane hanya. Yanzu ba ta buɗewa sai an biya, kuma gefen dama kuɗinsa daban, na hagu daban. Dillalinta kuwa kakanta ne, shi ke saɓa ta a kafaɗa shago-shago, aljihunsa cike da minti. Likita ta gargaɗe ni cewa ruɓa tana dawowa in ba a canja hali ba, ga shi na fara ganin wani farin tabo kamar alli kusa da dasashinta. Ba na son in sake ganin an tura ta ɗakin nan a kan gado. Amma da wane baki zan tsawata wa mutumin da ya yini rungume da takalmanta?

Taki, Maman Azurfa.

Maman Azurfa, na yi dariya, sannan na jinjina wa mutum uku: likitocin biyu da tsohon naki. Ita kuwa 'yar, gado ta yi, ba sai an yi bincike ba.

Tsoronki yana kan hanya. Allurar barci ta ba likita damar gyara abin da ya lalace ne, ba ta hana wani haƙorin lalacewa. Hular ƙarfe tana kare wanda ta rufe, sauran suna nan a fili. Kuma abin da ya fi cin haƙori shi ne yawan maimaita zaƙi, shago bayan shago, baki bai huta ba. Farin tabon nan kada ki jira ya yi baƙi, ki kai ta a duba. Sau da yawa a wannan matakin ana iya tare shi ba tare da tiyata ba.

Amma 'yan layi da kakanta ba mugunta suke yi ba. Sun ga yarinyar da ta daina dariya ta dawo tana yi, kuma alawa ce hanyar murnar da suka sani. Don haka kada ki rufe kasuwar, ki canja kuɗin shiga. Tela ya biya da ƙyalle na 'yar tsana, mai waya da sitika, wani da ainihin balan-balan. Alawar da ta kuɓuce ta shigo, a tara a ɗaya daga robobinki, a ba ta guda bayan abinci. Safe da dare babba ya goge mata da buroshi da ɗan man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori.

Shi kuwa Baba, kada ki yi masa wa'azi. Ki roƙe shi ya raka ku asibitin, ya ga tabon da idonsa, ya ji daga bakin likita. In kun bi ta gaban bencin nan, ki ɗan rage sauri. Ba sai kin ce komai ba, shi da kansa zai zazzage aljihunsa. Daga nan ki danƙa masa buroshin, ya koma mai gadin azurfa.

Allah ya raya miki ita, ya sa ta yi famfara lafiya.