Ruwan dafa allura na ba su suka sha

Assalamu alaikum masu karatu, ina gaishe ku da haƙurin wannan fari. A sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni tukuna kafin ku zage ni.

Ni ce mai dafa allura a wani ƙaramin gidan likita wajen Gangara. Dokar Majo, shugabanmu, ɗaya ce: allurar da ta shiga jikin wani ba ta shiga na wani sai ta tafasa cikin sabon ruwa. Rijiyarmu ta ƙafe, amalanke ke kawo mana tano guda, wato gangar ruwa, shi ma ba kullum ba. Sai ga makiyaya sun gangaro daga arewa, dabbobinsu sun ƙare, mata da yara jibge a bakin ƙofa. Mace ta dube ki, leɓe duk ya tsage, ta ce ruwa, ki ce mata me? A gidanmu ba a taɓa hana baƙo ruwa ba. Na ba wannan, na ba waccan, har abin da ya rage bai isa ɗora tukunya ba. Tsoron faɗan Majo ya sa na koma goge alluran da jiƙaƙƙen tsumma, in jera su cikin tukunya in rufe kamar na dafa. Kunyar faɗin wannan nake ji, wallahi.

Yanzu yara sun fara dawowa da maruru daidai wurin allura. Mafi tsanani ɗiyar Dije ce, ɗaya daga cikin baƙin. Cinyar yarinyar ta kumbura suntum, jiki kamar garwashi, ba ta ko takawa. Majo ya rufe uwar da faɗa: "Ku ne ke shafa masu kashin shanu bisa ciwo." Dije ta ce, "Majo, ina munka ga shanun? Ko sanuwa guda ba ta rage muna ba." Ina tsaye ina ji. In na faɗa, kora ce, kuma dawar da ake ba ma'aikata ita ke riƙe da tsohuwata da 'ya'yana. In na yi shiru fa, ƙafar yarinyar nan ta lalace, ko ta mutu, da wane ido zan tsaya gaban Allah?

Ɗazu Dije ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kin ba mu ruwa, Allah shi biya ki. Gobe ina kawo ƙanenta a yi mai allurar baƙon dauro."

Na leƙa tanon, babu ko ɗigo. Jama'a, me zan yi?