Muryar Kawu a Kasuwar Maradun

Bakura, 4 ga Janairu

Zubairu bawana,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Gwaggo da ƙafa? Da fatan taubashina ya fara wanka tunda ya zama mai manhajar manoman Bakolori.

Wasa ya ƙare. Jiya a kasuwar Maradun na ji muryar Baba a lasifikar wani mai babur, tana tallar maganin feshin albasa. Shekara biyu da rasuwarsa! Muryar nan ni na naɗa yana jinya, na yi mata ɗan ƙarin manhaja don manoman da ba su karatu su ji shawararsa kan noma. Kai kaɗai na ba. Sharaɗina na ciki a rubuce: a saurara kyauta, ba a yanka, ba a talla. Yaya aka yi?

Ka gaida kowa.
Barira

Talata Mafara, 9 ga Janairu

Barira,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Gwaggonki na amsawa. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Ni ne. Kin san manhajata a buɗe take, lasisinta ya ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Da zan sake ta na ga manoma ba za su iya sauke abu biyu ba, sai na cusa naki cikin nawa. Na ga takardar sharaɗinki. Ba mantuwa na yi ba. Na ga ta saɓa da tawa, na goge ta, na ce ai kayan gida ne, Kawuna ne, wa zai tambaya?

Na sami mai maganin. Ya yanko inda Kawu ke cewa "ku fesa da marece", ya manna sunan kayansa a gaba. Na hau shi da faɗa, ya buɗe lasisina ya karanta mini.

Na cire naki, na mayar da sharaɗin, na yi sanarwa. Amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ban san hanyar kiransa ba. Kunyarki nake ji, ta Kawu ta fi. Don Allah kada Innarki ta ji.

Ki yafe mini.
Zubairu

Bakura, 12 ga Janairu

Zubairu,

Salam. Inna ta riga mu ji, tun watan jiya. Ta sayi kwalba biyu ta sa an fesa wa albasarta, duk ta ƙone. Na ce mata maganin ne, ta ce, "Malam bai taɓa yi min ƙarya ba, mi za ya sa ya hwara yanzu?"

Ka zo Juma'a ka ba ta amsa da bakinka.

Barira Ɗan Asabe