Muttaka Ya Sabunta Kernel, Sikana Ta Yi Shiru

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
"Wallahi Yaya, ko kuka kwamfutar nan za ta yi, ba zan sabunta komai ba sai kin gama littattafan Hajo." Ƙanena Muttaka ne ya faɗi haka ranar Juma'a, bakinsa cike da tuwona. Yau na kunna sikana, na'urar ɗaukar hoton takardu, shiru. Ya sabunta kernel. Wai wa'adin datarsa ya kusa cika, ya ga asara ce a bar ta ta tafi a banza. Tsohon kernel ɗin kuma ya share shi, wai don a samu wuri. Shekararsa arba'in da biyu, 'ya'yansa biyar.

Sikanar nan ta girmi ɗansa na fari. Masu ƙera ta sun manta da ita, manhajar da na rubuta da hannuna ce kaɗai ke haɗa ta da kwamfuta. Saura shafi ɗari da sittin cikin rubutun hannun kakan Hajo. Shekara biyu ina zarya Madabo kafin tsohuwar nan ta ba ni aro, zuwa Alhamis ɗin nan. Daga nan sai cikin adaka, inda gara ta riga ta ci gefensu.

Talata, 7 ga Mayu
Na nemo tsohon kernel na mayar. Sauran abubuwan da gwanin ya sabunta suka ƙi tashi da shi, allo baƙi ƙirin. Na koma sabon. Muttaka ya turo saƙo wai in yi haƙuri, har da hoton fure. Fure.

Laraba, 8 ga Mayu
Na je roƙon ƙarin kwana. Hajo ta tambayi me ya lalace. Na ce mata kernel kamar zauren gida ne, duk saƙon da za a kai wa na'ura ta nan yake bi. An toshe tsohuwar ƙofa an fasa wata, manhajata na can tana ƙwanƙwasa bango.

Ta dube ni ta saman tabarau. "To ki nemo sabuwar ƙofar mana, 'yar nan. Ko sai an raka ki?"

Shekara ashirin ina koyar da kwamfuta, babu wanda ya taɓa yi mini haka. Ta ƙara mini zuwa Litinin, da la'asar. Ta ce ko Litinin ɗin don darajar mahaifiyata ce.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na zauna na karanta bayanan masu kula da kernel, ina neman wanda zan tsine wa. Ashe tun shekara uku da suka wuce suka sanar za su rufe hanyar. Ashe kullum na kunna kwamfutar sai ta rubuta gargaɗin, a inda ba na dubawa.

Na buɗe manhajata. A daidai layin, ga abin da na rubuta wa kaina: "A gyara bayan Sallah."

Duk da haka Muttaka alƙawari ya yi, kuma ya karya. Wannan daban, wancan daban.

Juma'a, 10 ga Mayu
Hoto ya fito, rabi, kuma kore shar.

Asabar, 11 ga Mayu
Sikanar ta tashi bayan azahar. Layi goma sha ɗaya kawai na sauya. Goma sha ɗaya, shekara uku.

Muttaka ya shigo da gurasa yana raɓe-raɓe. Na sa shi wanke hannu sau biyu, na ba shi juya shafuka. Ba laifi, hannunsa bai da nauyi. Can ya leƙo allon, inda na manta ban goge abin da na rubuta wa kaina ba. Ya daɗe yana karantawa.

"Yaya, wace Sallar?"

Na ce ya juya shafi.

Lahadi, 12 ga Mayu
Saura shafi talatin da huɗu. Gobe kafin la'asar zan kai wa Hajo kayanta da kaina, in nemi ta bar ni in zazzage adakar in shanya.

An ce wani kernel ɗin na tafe. Na ba Muttaka zuwa Laraba ya kawo tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin gadonsa. Ranar Alhamis zan ɗora mata sabon in gwada manhajar a kai, tun kafin ya iso kwamfutata. Shi zai danna, tunda dannawa ya iya. Zan sa masa kujera kusa da tawa, ba don komai ba, don in riƙa ganin hannunsa.